Kankana a gida: tambayoyi da amsoshi kan rashin girma da rashin 'ya'ya

Kankana ba ta da wuyar tsirowa, wuyarta tana wajen kai ɗa ga nuna. Da yawa daga masu shuka ta a gida, da zarar sun ga wata alamar da ba su gane ba, sai hankalinsu ya tafi kan maganin feshi ko ƙarin taki. Alhali mafi yawan abin da ke hana ta 'ya'ya bai wuce barbarar fure da ba ta cika ba, da ban-ruwa marar tsari, da takin da ke ƙara ganye idan an cika mata shi. Cuta da ƙwari suna nan, za mu zo kansu, amma kafin ka sayi komai ka fara tsugunawa ka duba shukar da kyau.

Na shuka iri ya fi kwana goma, shiru. Me ya faru?

Kankana 'yar zafi ce. Irinta yana son ƙasa mai ɗumi, daga digiri 21 zuwa 35 a ma'aunin salshiyas, kuma a irin wannan ɗumi yakan fito cikin kwana 4 zuwa 10. Idan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 16, irin zai kwanta ne kawai har ya ruɓe. Ka tona rami ɗaya ka gani. In ka tarar da iri ya yi laushi yana wari, ruwa ne ya yi yawa ko sanyi. In yana nan ƙalau a bushe, danshi bai kai gare shi ba, ko kuma ya tsufa. In babu shi sam, ɓera ko tsuntsu ya riga ka. Zurfin santimita 2 zuwa 3 ya isa; wanda aka binne da nisa ƙarfinsa yakan ƙare kafin ya fasa ƙasa.

Ta tsiro lafiya, sai na wayi gari ta faɗi, wuyanta ya sirance ya yi baƙi.

Wannan ruɓewar wuya ce, aikin fumfunar da ke zaune a ƙasa mai jiƙa kullum. Tsiron da ya faɗi ba ya tashi, ka cire shi. Sauran kuma ka rage musu ruwa, ka bar saman ƙasa ya sha iska tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa. Amma idan ka ga an datse tsiron daidai ƙasa kamar da wuƙa, tsutsa ce mai fitowa da dare. Tona kewayen gindin da yatsa, sau da yawa za ka same ta a naɗe.

Makonni sun wuce tana nan da ganye huɗu ko biyar, ba ta yaɗo.

Da farko ka sani kankana takan yi jinkiri a makonni uku na farko, domin saiwa take kafawa. Bayan haka in ba ta miƙe ba, tambayar farko ita ce ta rana. Tana buƙatar hasken rana kai tsaye na awa 8 ko fiye a yini. Wadda aka shuka a jikin katanga ko ƙarƙashin bishiya, duk takin da ka zuba mata ba zai maye gurbin rana ba.

Sai maganar dashe. Saiwar kankana ba ta jure taɓawa. Idan ka ciro ta daga wani wuri ƙasar jikinta ta warware, za ta iya yin mako biyu a tsaye, wata ma ta tsumbure ke nan har abada. Shi ya sa na fi son a shuka iri kai tsaye inda zai zauna. In dole sai an yi reno a leda ko ɗan kofi, a dasa tun tana da ganyen gaske biyu ko uku, da dunƙulen ƙasarta.

Ƙasa mai yumɓu da ke riƙe ruwa ma tana shaƙe saiwa. Kankana ta fi son ƙasa mai rairayi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, ma'aunin tsaminta tsakanin 6 da 6.8. In ƙasarka mai nauyi ce, ka ɗaga kunya ko tudu ka shuka a kai. Idan duk wannan ya yi daidai amma har yanzu ba ta motsi, tuge ɗaya ka duba saiwar. Ƙulli-ƙulli a jikinta alamar wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma wurin bai dace da kankana ba sai an huta da shi.

Ganye yana yin rawaya. Taki ne ya yi kaɗan?

Wataƙila, amma ka lura da wane ganye ne da kuma yadda rawayar ta kama shi. Tsofaffin ganyen gindi da suka koɗe gaba ɗaya suna nuna ƙarancin naitirojin. In jijiyoyin ganyen suna nan kore, tsakaninsu ne ya yi rawaya, kuma a tsofaffin ganye, magnesiyam ne ya gaza. In sababbin ganyen bakin yaɗo ne suka yi haka, sinadarin ƙarfe ne bai isa gare su ba, yawanci saboda ƙasa ta cika jiƙa ko ta cika toka da farar ƙasa. Gefen ganye da ya bushe kamar an babbaka yana nuni ga fotashiyam. Sai dai abin da ya fi yawa a gida shi ne yawan ruwa: saiwar da ta nutse ba ta iya ɗaukar abinci ko da yana nan jibge. Cusa yatsa cikin ƙasa tsawon gaɓa biyu. In ya fito da laka, ka ajiye taki, ka ajiye bokiti.

Yaɗo ya cika wuri, ganye kore shar, amma fure ɗai-ɗai ne, ɗa kuwa babu.

Wannan ita ce shukar da ta ƙoshi da naitirojin. Yuriya, kashin kaji da bai ruɓe ba, ko takin zamani da ake zubawa duk mako, dukkansu suna tura ta ga yin ganye. Mai ita yana murna da kyan gani, ita kuwa ba ta da dalilin haihuwa. Naitirojin yana da amfani daga tsiro zuwa lokacin da yaɗo ya fara gudu. Da ka ga fure, sai ka ja baya da shi, ka koma ga takin da fotashiyam ya fi yawa a ciki. Wadda aka riga aka cika wa, babu abin yi sai a dakatar da takin a jira. Takan dawo hanya cikin mako biyu ko uku.

Furanni suna fitowa da yawa, sai duk su zube ba tare da ɗa ba.

Wannan tambaya ta fi kowace yawa, kuma sau da yawa babu matsalar komai. Kankana tana da fure iri biyu a jikin shuka ɗaya, na namiji da na mace. Furen namiji yana kan siririn kara, bayansa babu komai. Furen mace kuwa yana da 'yar mitsitsiyar kankana a bayansa tun kafin ya buɗe. Na namiji ne ke fara fitowa, da tazarar mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma sun fi na mace yawa nesa ba kusa ba har ƙarshen rayuwar shukar. Aikinsu su ba da garin fure su faɗi. Saboda haka idan abin da ke zuba babu 'yar kankana a bayansa, ka kwantar da hankalinka.

Abin damuwa shi ne na mace ya ƙi fitowa, ko ya fito ya zube. Zafi mai tsanani, sama da digiri 35 kwana da kwanaki, yana sa shuka ta yawaita furen namiji, kuma yana lalata garin furen. Ƙishirwa ma haka. Amma babban dalili shi ne rashin ƙudan zuma. Garin furen kankana yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Kowane fure yini ɗaya yake buɗewa, da safe, kafin la'asar ya rufe ke nan. Cikin waɗannan 'yan awanni ana so ƙudan zuma ya sauka a kan furen mace sau takwas ko fiye kafin ya samu abin da zai ishe shi. A gidan da ke kewaye da gine-gine, ko a saman bene, ko inda ake yawan fesa maganin ƙwari, wannan ba ya samuwa. Ka fito da sassafe ka tsaya minti goma kusa da shukar. In ba ka ga ƙudan zuma ko ɗaya ba, aikin ya dawo hannunka.

To yaya ake barbarar da hannu?

Tsakanin ƙarfe 6 da 10 na safe, bayan raɓa ta bushe, ka tsinko furen namiji da ya buɗe a ranar. Cire ganyen furen ka bar tsakiyar mai ɗauke da gari ruwan ɗorawa. Ka shafa shi a hankali a tsakiyar furen mace. Tsakiyar nan ta kasu gida uku, kuma kowane gida sai ya samu rabonsa, don haka ka juya ka zagaye ta duka. Furen namiji biyu ko uku ga mace ɗaya ya fi. In ya kama, cikin kwana uku zuwa biyar za ka ga 'yar kankanar ta fara kumbura, karanta ya sunkuya ƙasa. Ka ɗaura ɗan zare a wurin ka rubuta ranar, zai yi maka amfani lokacin girbi.

'Yan kankanar sun kai girman ƙwai, sai su yi rawaya ko baƙi su faɗi.

Ko dai barbarar ba ta cika ba, ko kuma shukar ce da kanta ta yar da su. Kankana tana lissafin ƙarfinta: idan akwai babban ɗa da take reno, takan zubar da na bayansa har sai wancan ya kusa nuna. Wannan ba cuta ba ce. Idan kuwa duka suke zubewa, babu ko ɗaya da ya tsaya, ka koma ga barbara da ban-ruwa. Ka kuma duba jikinsu ko akwai ɗan huji mai fitar da danƙo, domin wannan wata magana ce da za ta zo a ƙasa.

Na sayi irin kankana marar ƙwallaye a ciki, ta yi fure amma ba ɗa ko ɗaya.

Irin wannan kankana garin furenta ba ya haihuwa. Dole a shuka kankana ta yau da kullum kusa da ita, kamar gindi ɗaya ga kowane biyu ko uku, kuma su yi fure a lokaci guda. Tana kuma buƙatar ziyarar ƙudan zuma fiye da ninki biyu na mai ƙwallaye. Ga mai farawa, ban ga dalilin ɗaukar wannan wahala ba.

Ƙasan kankanar, gefen da fure ya bushe, ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan fesa?

Babu. Wannan ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, kuma ba ya yaɗuwa daga ɗa zuwa ɗa. Kalsiyam ne bai kai ƙarshen ɗan ba lokacin da yake girma da sauri. A yawancin ƙasa kalsiyam yana nan, abin da ya yanke shi ne ruwan da ke ɗauke da shi daga saiwa. Yau ƙasa ta bushe ƙamas, gobe a cika ta da ruwa, jibi a manta: haka ake samun wannan ruɓa. Yawan yuriya yana ƙara ta, haka ma sara kusa da gindi da ke yanke saiwa. Dogayen iri kamar Charleston Gray sun fi masu kewaye saurin kamuwa.

Ka cire wanda ya kamu don shuka ta mai da ƙarfinta ga wani. Sannan ka daidaita ban-ruwa. Kankana tana son kimanin milimita 25 zuwa 50 na ruwa a mako, wato lita 25 zuwa 50 ga kowace murabba'in mita, gwargwadon zafi da irin ƙasa. A ba ta ruwa mai ratsa ƙasa sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafi kullum, sai dai a tukunya ko rairayi tsantsa inda ƙasa ke saurin bushewa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewayen gindi yana riƙe danshi daidai. Ɓawon ƙwai da ake yawan ba da shawara yana ɗaukar watanni kafin ya narke, ba zai ceci ɗan bana ba.

Ta kusa nuna sai ta fashe.

Ruwa mai yawa ne ya zo bayan ƙishirwa, cikin ya kumbura fiye da yadda ɓawo zai iya miƙewa. Ka rage ruwa sannu a hankali a kwana 7 zuwa 10 na ƙarshe. In ka ga hadari ya haɗo kuma kankanar ta riga ta nuna, cire ta kafin ruwan ya sauka.

Me ya sa ta fito a karkace, ko na yanka na tarar da rami a tsakiya?

Duka biyun suna komawa ga barbara. Gefen da bai samu garin fure ba ba ya ƙulla ƙwallaye, gefen da babu ƙwallaye kuma ba ya cika, sai ɗan ya fito da ƙugu ko wuya. Ramin tsakiya ma ana danganta shi da ƙarancin garin fure, musamman a 'ya'yan farko. Ana shan ta lafiya, muddin babu ruɓa ko tsami.

'Ya'yan sun tsaya ƙanana. Ko tukunyar ce?

Ka fara da sanin irin da ka shuka. Sugar Baby ba ta wuce kilo 3 zuwa 5, ko da ka yi mata komai, tana nuna cikin kwana 75 zuwa 80. Crimson Sweet takan kai kilo 8 zuwa 11 amma tana son kwana 85 da fili mai faɗi. Manyan iri suna son tazarar kusan mita ɗaya tsakanin gindi da gindi, mita biyu tsakanin layi da layi. Rami ɗaya, gindi ɗaya ko biyu. Na san cire lafiyayyen tsiro yana da ciwo, amma guda biyar a rami ɗaya ba za su ba ka kankana ko ɗaya ta kirki ba. Haka 'ya'ya: biyu ko uku a gindi ga babban iri, uku ko huɗu ga ƙarami. Kada ka yawaita datse yaɗo, domin ganye ne ke dafa sukarin da ke shiga cikin ɗan, shi ne kuma ke yi masa inuwa kada rana ta ƙona ɓawonsa.

A tukunya kuwa, ka zaɓi ƙaramin iri, mazubi mai cin lita 40 ko fiye da huji a ƙasa, gindi ɗaya tak, ka bar masa ɗa ɗaya ko biyu. In ka ɗora yaɗon a kan shinge, ka rataye ɗan a cikin ƙyalle ko raga tun yana ƙarami kada nauyi ya tsinke shi.

Shukar tana yaushi duk da ƙasa tana da danshi.

Yaushin tsakar rana da ke warwarewa da yamma ba abin tsoro ba ne. Wanda ke tayar da hankali shi ne reshe ɗaya ya yi yaushi sauran suna tsaye, kwana biyu kuma ya ƙi farfaɗowa ko da safe. Ka tsaga karan kusa da gindi. In cikinsa ya yi ruwan ƙasa maimakon fari, cutar Fusarium ce, fumfunar da ke shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa. Ba ta da maganin feshi. Tuge shukar da saiwarta, ka ƙone ko ka fitar da ita, kada ka sa ta a tarin taki. Tana zama a ƙasa shekaru, don haka wurin ya huta da kankana shekara 5 zuwa 7. Saboda wannan cuta ce manoman Japan suka fara ɗaura kan kankana a gindin kabewa ko duma tun shekarun 1920, dabarar da har yau ake amfani da ita a ƙasashe da dama. Ga mai ɗan fili a gida, sauya wuri ko sabuwar ƙasa a tukunya ya fi sauƙi.

Ganye ya yi fari kamar an barbaɗa gari, wani kuma tabo-tabo, wani ya nannaɗe.

Farin garin fumfuna ce da ke son cunkoso da rashin iska. Tabo mai ruwan ƙasa ko baƙi da ke faɗaɗa bayan ruwan sama, wani lokaci har da danƙo a jikin kara, shi ma fumfuna ne, kuma fantsamar ruwa ke yaɗa shi. Ka cire ganyen da suka fi kamuwa, ka riƙa zuba ruwa a gindi da safe ba a kan ganye ba, kada kuma ka shiga cikin yaɗo yana jiƙe. In za ka fesa maganin fumfuna, ka yi tun da wuri bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba. Mai farar wuta yana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 32.

Ganyen da ya nannaɗe kuwa, juya bayansa. Za ka iya samun darɓa ta taru tana tsotsa, ko farin ƙuda, ko wasu ƙwari ɗigo-ɗigo masu saƙa siririyar yana irin ta gizo-gizo a lokacin zafi da fari. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya yana rage su in an fesa bayan ganyen. Haɗarin darɓa ya wuce tsotsa, domin tana ɗauko cutar bairos da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Shukar da ta kamu da wannan ba ta warkewa, cire ta kawai. Duk abin da za ka fesa, ka bari sai yamma bayan furanni sun rufe. Feshin safe yana kashe ƙudan zuman da kankanarka ta dogara da shi.

Na ga ɗan huji a jiki, da na yanka sai tsutsotsi.

Wani ƙuda ne ke huda ɓawo tun ɗan yana ƙarami da taushi ya saka ƙwai a ciki. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta shiga. Kariya ita ce ka sa ɗan cikin jakar takarda ko ƙyalle marar kauri da zarar barbara ta kama, har ɓawo ya yi tauri. Waɗanda suka kamu, kada ka bar su a ƙasa, domin tsutsar za ta shiga ƙasa ta fito ƙuda. Ka ɗaure su a baƙar leda ka ajiye a rana kwanaki. Ɗora kowane ɗa a kan katako ko busasshiyar ciyawa kuma yana hana ruɓar da taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ke kawowa.

Ta girma sosai amma ciki fari-fari, ba zaƙi.

Mafi yawa an yi gaggawar cirewa ne. Kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an raba ta da uwarta; yadda ka cire ta haka za ta zauna. Daga barbara zuwa nuna kwana 35 zuwa 45 ne, a nan zaren da ka ɗaura zai yi aiki. Ka haɗa alamomi, kada ka dogara da guda: ɗan murɗaɗɗen zaren jikin shukar da ke daidai inda ɗan ya haɗu da yaɗo ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya tashi daga fari ya koma rawaya, ƙyallin ɓawo ya dusashe. Ƙwanƙwasawa tana taimaka wa wanda kunnensa ya saba, amma ita ce mafi rauni a cikinsu. Idan ta nuna sosai duk da haka ta yi lami, ka tuhumi yawan ruwa a makon ƙarshe, ko kwanakin gajimare, ko ganyen da cuta ta cinye kafin ɗan ya gama cika.

Na ajiye iri daga kankana mai daɗi, da na shuka sai ta fito daban, wata ma da ɗaci. Kokwamba ce ta ɓata ta?

A'a. Kankana ba ta barbara da kokwamba ko kabewa, ko da yaɗonsu ya cakuɗe. Amma tana yi da wata kankanar, tana kuma yi da 'yan uwanta na kusa irin su guna. Ba a ganin sakamakon a ɗan wannan shekara, sai a irin da aka ajiye, wanda zai iya ba da ciki fari mai tauri ko mai ɗaci. Haka nan idan uwar haɗaɗɗen iri ce, wadda ake rubuta F1 a jikin fakitinta, 'ya'yanta ba sa gado ta daidai. Kankanar da ka ɗanɗana ka ji ɗaci sosai, tofar ka zubar da ita, kada ka ba yara ko dabba, domin sinadarin da ke kawo ɗacin yana sa amai da gudawa. In kana son ajiye iri, ka zaɓi wanda ba haɗaɗɗe ba, ka yi barbarar da hannunka, ka rufe furen macen da ƙyalle tun daren da zai buɗe har ɗan ya kama.